Print Spooler ya ƙi tashi bayan an kunna kwamfuta, yana ba da kuskure mai lamba 2

Nasiru, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara a kan wata kwamfutar tebur ta shagon buga takardu. Windows 10 Pro 22H2 ce, RAM 8GB, faifan ajiya mai juyawa 500GB. Tana tashi lafiya lau, amma firinta ko ɗaya ba ya fitowa, Word ma cewa yake ba a sa firinta ba. A services.msc, Print Spooler, wato sabis ɗin Windows da ke jera aikin bugawa ya tura wa firinta, yana kan Automatic amma a tsaye yake. In na danna Start sai ya ce "Error 2: The system cannot find the file specified". Na gwada sake sa direban firinta, ya tsaya a tsakiya. A Event Viewer kuma, duk kunnawa sai an rubuta lamba 7000 daga Service Control Manager.

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. spoolsv.exe ne ya ɓace, wato fayil ɗin Spooler ɗin kansa. Kwafo shi a filashi daga wata kwamfutar, ka jefa cikin C:\Windows\System32, ka sake kunnawa. Minti biyar ka gama.

Malam Umaru, Argungu: Wa alaikumus salam Nasiru. Dakata da kwafin tukuna. Lamba 2 tana nufin Windows ta bi hanyar da anka rubuta mata ba ta iske komi ba. To ko dai fayil ɗin ne babu, ko hanyar ce anka canza. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

sc qc Spooler

Ka duba BINARY_PATH_NAME. Ya kamata ya nuna System32\spoolsv.exe cikin foldar Windows, a DEPENDENCIES kuma ka ga RPCSS da http. Daga nan:

dir C:\Windows\System32\spoolsv.exe

In a PowerShell kake, rubuta sc.exe cikakke, don sc kaɗai wani umarni ne daban a can, ba zai nuna maka komi ba.

Nasiru, Birnin Kebbi: Na yi Malam. Hanyar daidai take, amma dir ya ce File Not Found. Ke nan maganar Ɗan Jega ce, fayil ɗin babu shi.

Injiniya Hauwa, Kalgo: Ya yi gaskiya a kan abin da ya ɓace, maganinsa ne ban yarda da shi ba. Fayilolin System32 mallakar TrustedInstaller ne, wato sabis ɗin da ke sa fayilolin Windows da sabunta su, kuma kowane ɗaya yana da siga da ta dace da sabuntawar da ke kan injin. Ka ɗauko na wata kwamfutar da sigarta ta bambanta, zai iya tashi yau, amma Windows ba ta san shi a ma'ajiyarta ba, ranar da aka yi sabuntawa ko aka gudanar da sfc, umarnin da ke duba fayilolin Windows ya gyara su, matsalar ta dawo. In ka kuskure ka ɗauko na 32-bit ko wanda ya lalace a hanya, lambar kuskuren ce kawai za ta canza. Shafukan nan na intanet da ke raba fayilolin DLL da EXE kuwa, kada ma ka leƙa su. Spooler da ikon SYSTEM yake aiki, wato duk abin da ka sa a wurin ka ba shi makullin gidan gaba ɗaya.

Tambayata dai ita ce: me ya cire shi? Fayil ɗin Windows ba ya tashi ya yi tafiyarsa haka nan. Abu uku na fi zargi: mai maganin bairos ya killace shi, wani ya yi amfani da manhajar "share datti", ko faifan ya fara lalacewa. Duba Protection history a Windows Security. Ka kuma tace rajistar System a Event Viewer da lambobin nan: 7, 41, 55, 153, 6008.

Nasiru, Birnin Kebbi: Protection history babu komai game da shi, kuma ba wata manhajar bairos a kai sai ta Windows. Amma ranki ya daɗe, rajistar cike take. Lamba 41 da 6008 sun fito sau da yawa. Lamba 7 daga disk ta fito sau goma sha ɗaya cikin mako biyu, tana cewa "has a bad block". Akwai 55 guda ɗaya daga Ntfs.

Malam Umaru, Argungu: To ga bakin zaren. 41 da 6008 na nufin injin ya mutu ba tare da an kashe shi bisa ƙa'ida ba, galibi wuta ta ɗauke ko an zare waya. 7 faifan ne da kansa ke shaida cewa akwai wurin da ya kasa karantawa. 55 kuma tsarin NTFS ne ya taɓu, wato yadda Windows ke jera fayiloli a kan faifai. Rubuta dir /a C:\ ka gani ko akwai folda mai suna found.000. In akwai, chkdsk, umarnin da ke duba faifai ya gyara, ya riga ya yi aiki wani lokaci da anka kunna injin, ya tsinto gutsattsarin fayiloli ya tara su nan. Galibi masu shago na ganin allon nan yana ƙirga kashi-kashi, su jira ya wuce, ba su faɗi ma kowa.

Nasiru, Birnin Kebbi: Akwai found.000, da fayiloli masu ƙarshen .chk a ciki. Kafin in ga saƙonku na riga na gudanar da sfc /scannow. Ya kai 100% ya ce ya samu fayiloli da suka lalace amma ya kasa gyara wasu.

Bashir, Yauri: Fito da bayanin mu gani. CBS.log yana da tsawo, ba a karanta shi haka. Yi wannan:

findstr /c:"[SR]" %windir%\Logs\CBS\CBS.log > "%userprofile%\Desktop\sfc.txt"

Ka buɗe sfc.txt ka nemi layukan da ke ɗauke da "Cannot repair member file". Su ne za su gaya maka sunan abin da ya gagara.

Nasiru, Birnin Kebbi: spoolsv.exe yana ciki, da wasu fayiloli biyu na DLL.

Injiniya Hauwa, Kalgo: Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, bari in ɗan tsawaita. Ana ɗauka cewa Windows tana da kwafi biyu na kowane fayil, ɗaya a System32, ɗaya a ajiye cikin WinSxS, ma'ajiyar fayilolin Windows. Ba haka abin yake ba. Fayil ɗaya ne a kan faifai mai suna biyu. Kamar ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta zaure, ɗaya ta cikin gida. Wanda ke da lafiyayyar kwamfuta a gabansa ya rubuta

fsutil hardlink list C:\Windows\System32\spoolsv.exe

zai ga hanya biyu, ta biyun tana cikin WinSxS, a foldar da sunanta ya fara da amd64_microsoft-windows-printing-spooler-core.

In sunan da ke System32 kaɗai aka goge, kayan na nan, sfc zai sake buɗe ƙofar cikin daƙiƙa. Amma in sektar, wato ɗan yankin faifan da bayanan ke kwance a kai, ce ta mutu, ta kowace ƙofa ka shiga ɓarnar za ka tarar. Shi ya sa sfc ya kasa: wurin da zai ɗauko na gyara shi ne wurin da ya lalace. Aikin umarnin DISM ke nan, shi ke gyara ma'ajiyar, sannan sfc ya samu abin ɗauka. Saboda haka jerin shi ne DISM tukuna, sfc daga baya. Sai dai ba a kan wannan faifan ba.

Ɗan Jega: Injiniya, da girmamawa, wannan duk dogon turanci ne. Faifai ya samu matsala, ka sa chkdsk C: /r ya killace wuraren da suka mutu, ka yi fomatin, ka sa Windows sabuwa. Mai shago kwastomomi na jiransa, ba darasin WinSxS yake so ba.

Malam Umaru, Argungu: chkdsk /r a kan faifan da ke ciwo, kafin a kwashe kaya, shi ne abin da ba ni ba kowa shawara. Yana karanta kowace sekta daga farko har ƙarshe, ya tsaya yana maimaita waɗanda sunka ƙi. A faifai mai 500GB awoyi ne, kan karatun na ta gurzar wurin da ya riga ya yi rauni. Wani faifan daga nan ba ya sake tashi. Nasiru, sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka karanto muna layi uku: 05, C5 da C6. Ka dubi Raw Values, kuma ka tuna a hex, wato lissafin tushe 16, yake nuna su sai in ka canza.

Nasiru, Birnin Kebbi: Ya nuna Caution da ruwan ɗorawa. Na mai da su lambobin yau da kullum: 05 yana 24, C5 yana 56, C6 yana 3.

Malam Umaru, Argungu: 05 sektocin da faifan ya riga ya sauya da na ajiya ne. C5 waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya yanke musu hukunci. C6 waɗanda ya gagara gyarawa. Wanda ya fi tada hankali shi ne C5, don duk fayil ɗin da ke kwance kan ɗaya daga cikin 56 ɗin nan yana cikin haɗari, kuma ba spooler kaɗai ba, har aikin mutane. Kashe injin yanzu. Kada ka sake gudanar da sfc ko DISM a kansa.

Bashir, Yauri: Ga yadda zan jera aikin. Ka tada injin da filashin Linux ko WinPE, ka fara kwashe Desktop, Documents da Downloads na kowane mai amfani zuwa wani faifan, ƙananan fayiloli masu muhimmanci da farko: takardun kwastomomi, aikin CorelDRAW, foldar haruffa. In kwafi ya maƙale a wani fayil, tsallake shi, kada ka nace. Bayan nan sai ka kwafe faifan gaba ɗaya zuwa sabo.

Kula da girma. SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai 480GB ko 256GB ya fi tsohon ƙanƙanta, kwafin faifai zuwa faifai ba zai shiga ba sai an matse bangaren C, kuma matsewa tana motsa bayanai a kan faifan da muke lallaɓawa. Nemi mai 512GB. Da Clonezilla, manhajar kwafin faifai, shiga Expert ka zaɓi -rescue don ya wuce wurin da ya kasa karantawa maimakon ya tsaya. Kafin nan ka kashe Windows da shutdown /s /t 0, saboda Fast Startup yana barin faifan kamar mai barci, kayan kwafi kuma ba sa son haka.

Injiniya Hauwa, Kalgo: Da C5 a 56 ni manhajar ddrescue zan ɗauka, ba Clonezilla ba. Dalili: yana ajiye taswirar inda ya kai, in wuta ta ɗauke ko faifan ya maƙale sai ka ci gaba daga wurin, kuma yana fara kwashe wurare masu lafiya kafin ya dawo kan masu wuya.

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.log

sannan zagaye na biyu:

ddrescue -f -d -r3 /dev/sda /dev/sdb taswira.log

Na farko shi ne tushe, na biyu shi ne inda za a zuba. Ka tabbatar da lsblk wanne ne wanne, ta girma da sunan kamfani, don in ka juya su ka shafe kayan mutane da hannunka. Taswirar kuma a filashi za ta zauna, ba a kan ɗaya daga cikin faifan biyu ba. Ka yi aikin a kan inbata ko sola, ka sa fanka tana kaɗa faifan. A zafin Kebbi na watan Afrilu, faifai mai ciwo da ke aiki awa uku a jere yana buƙatar iska.

Ɗan Jega: To na ji batun kwashe kaya da sabon faifai, ban musa ba. Amma tunda an sayi SSD, me ya sa za a ɗauko Windows mai rauni a ɗora masa? Sabuwa fes ba ta fi ba? Sektocin da ba a karanto ba ai ramuka ne a cikin fayiloli, kuma sfc fayilolin Windows kaɗai yake dubawa. In ramin ya faɗa cikin Office ko Corel, wa zai gaya maka?

Injiniya Hauwa, Kalgo: Wannan kam hujja ce mai ƙarfi, Ɗan Jega. Babu abin da zai gaya maka sai ranar da manhajar ta faɗi. Ya danganta da abin da ke kan injin. In akwai manhajoji masu lasisi da ba a san inda makullinsu yake ba, da direbobin tsofaffin firintoci da na'urar sikanin da samunsu ke da wuya, kwafi da gyara ya fi. In Office ne da burauza kawai, sabuwar Windows ta fi sauri kuma ta fi tsabta. A ƙarshen aikin ddrescue zai nuna adadin abin da ya kasa karantowa. In 'yan kilobait ne, gyara. In ya kai megabait masu yawa, bi maganar Ɗan Jega.

Nasiru, Birnin Kebbi: Barkanmu da safiya. An samu SSD mai 512GB. ddrescue ya gama, abin da ya rage bai kai 30 kB ba. Na cire tsohon faifan, injin ya tashi daga sabon. Akwai manhajoji biyu da mai shagon ba shi da makullinsu, don haka gyaran zan bi. Na buɗe ISO na Windows 10 22H2, wato fayil ɗin da ake sa Windows da shi, ya zama E:, na rubuta

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth /Source:wim:E:\sources\install.wim:1 /LimitAccess

Ya tsaya da 0x800f081f, "The source files could not be found".

Bashir, Yauri: Abu biyu. Na farko lambar 1 da ka sa a ƙarshe. A ISO mai bugu da yawa, 1 galibi Home ce, kai kuma Pro gare ka. Duba da

DISM /Get-WimInfo /WimFile:E:\sources\install.wim

ka ɗauki lambar da ke gaban Pro. Wanda ISO ɗinsa daga Media Creation Tool ya fito, install.esd zai gani, sai ya sa esd: a madadin wim: a umarnin. Na biyu, ka ƙara /Index: da lambar Pro ɗin a wancan umarnin, ka karanto ServicePack Build, ka kuma rubuta winver ka faɗa mana lambar injin.

Nasiru, Birnin Kebbi: winver ya ce 19045.3803. ISO ɗin kuma ServicePack Build 2006. Na gyara lambar Pro, kuskuren bai canza ba.

Malam Umaru, Argungu: Ba zai canza ba. ISO ɗinka na farkon fitowar 22H2 ne a 2022, injin kuma ya karɓi sabuntawa har ta Disamba 2023. DISM ba "wani spoolsv.exe" yake nema ba, ainihin sigar da ke rubuce a ma'ajiyar injin yake so, kuma /LimitAccess ya hana shi tambayar Windows Update. Hanya ukku gare ka. Ka cire /Source da /LimitAccess ka ba shi intanet. Ko ka samu wata kwamfuta mai lafiya da winver ɗinta ya zo daidai da naka, ka nuna mashi foldar Windows ɗinta a matsayin tushe. Ko ka buɗe ISO sabo ka danna setup.exe daga cikin Windows, ka zaɓi a bar fayiloli da manhajoji, amma wanga sai harshe da bugu sun dace, in ba haka ba zaɓin zai dushe.

Ta farko ta fi sauƙi. Sai dai ka leƙa services.msc tukuna. Injin da ya tsaya a 3803 ina zaton wani ya kashe Windows Update don tsimin data.

Nasiru, Birnin Kebbi: Haka ne Malam, Disabled yake. Windows Modules Installer yana kan Manual.

Injiniya Hauwa, Kalgo: Wannan na biyun haka ya kamata ya kasance, shi ne TrustedInstaller, in an kashe shi sfc ma ba zai fara ba. Mai da Windows Update kan Manual, ka tabbatar BITS da Cryptographic Services ba a kashe suke ba. Amma kafin DISM, ka yi chkdsk C: /b sau ɗaya a kan SSD ɗin. Kwafin da ka yi ya taho da jerin wuraren da NTFS ta yi wa alamar "matacce" a tsohon faifan, /b yana sa a sake gwada su a sabon. A nan babu haɗarin da Malam Umaru ya faɗa, faifan lafiyayye ne. Ka kuma duba agogon injin, in batirin CMOS ya mutu kwanan wata ya koma baya, haɗuwa da Windows Update tana ƙi. Daga nan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yakan tsaya a wajen kashi 62 kamar ya mutu. Kada ka rufe, ka ba shi lokaci. Ba dukan Windows yake saukewa ba, abin da ya lalace kawai.

Nasiru, Birnin Kebbi: Alhamdu lillahi. DISM ya ce "The restore operation completed successfully". Na sake sfc /scannow, ya ce ya gyara. spoolsv.exe ya dawo, na sake kunnawa, Spooler yana Running, 7000 bai fito ba. Amma firinta ya fara fito da takarda mai tarkacen rubutu, kuma akwai aiki ɗaya a layi da ya ƙi goguwa.

Bashir, Yauri: Ragowar aikin da ke kan hanya ne lokacin da wuta ta ɗauke. Kashe firinta, sannan:

net stop spooler
del /Q /F "%systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*"
net start spooler

Abin da ke cikin PRINTERS kaɗai za ka goge, fayilolin .SPL da .SHD. Kada ka taɓa foldar drivers da ke kusa da ita. In tarkacen ya ci gaba bayan haka, direban ne ramin ya shafa, kamar yadda Ɗan Jega ya yi hasashe. Rubuta printui /s /t2, ka cire direban tare da kunshinsa, ka sa sabo daga shafin kamfanin firintan. Ka sake sfc sau ɗaya har ya ce bai samu komai ba.

Ɗan Jega: To ai ga shi nan. Ka buɗe Corel da Word ɗin ma ka gwada su sosai kafin ka miƙa injin. Kuma a gaya wa mai shago gaskiya: Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. In injin bai da guntun tsaron nan TPM 2.0 da furosesan da Windows 11 ke karɓa, ya fara tunanin gaba.

Malam Umaru, Argungu: Saura lamba 41, Nasiru, ita ba ka gyara ba. SSD ba ya da kan karatu da zai gurji faifai, amma yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana ɓata NTFS a kansa shi ma. Akwai UPS a shagon?

Nasiru, Birnin Kebbi: Akwai ƙarami, 650VA, amma da an ɗauke wuta yake mutuwa tare da injin. Kuma firinta mai leza a jikinsa aka jona.

Malam Umaru, Argungu: Cire firintan daga kansa yau. Mai leza yana jan wuta mai yawa lokacin da yake ɗumama abin gasa tawada, ya fi ƙarfin 650VA nesa ba kusa ba. Kwamfuta da allo kaɗai za su zauna a kai. Batirin ciki galibi 12V 7Ah ne, buɗe ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa ka sayi irinsa. Mita za ta iya nuna maka 12V alhali batirin ya mutu, don haka gwajin gaskiya shi ne ka caja shi dare ɗaya, ka kunna injin, ka zare UPS daga bango kana kallon agogo. In bai riƙe minti biyar ba, lokacin tada janareta ma bai isa ba.

Nasiru, Birnin Kebbi: Na gode manyanmu, Allah ya saka da alheri. Tarkacen ya tsaya bayan na share PRINTERS, direban bai buƙaci canji ba. Tsohon faifan fa, in yi masa fomatin a riƙa ajiye kwafin aiki a kai?

Injiniya Hauwa, Kalgo: A'a. Fomatin zai iya mai da C5 sifili, don faifan zai sauya sektocin, amma 05 ne zai hau, ciwon yana nan. Rubuta kwanan wata a jikinsa, ka sa shi a leda ka ajiye wata guda ba tare da an jona shi ba, ko da mai shago zai ce wani fayil ya ƙi buɗewa. Ka ajiye taswira.log tare da shi.